Tambayoyinku: Wayata Ta Ce Ɓeran Rumbuna Ɗan Ostareliya Ne

Tambaya: Malam, na kama wata 'yar dabba mai tsinin baki a rumbun masarata, na riƙe ta a hannu na ɗauki hoto. Google Lens, manhajar waya mai gane abu a hoto, ya ce dunnart ce, wata dabbar Ostareliya mai goyon 'ya'yanta a aljihun ciki kamar kangaru. Ko akwai masu saye? (Manomi, daga Saminaka)

Amsa: Malam, sai dai in da biza ta shigo Saminaka. Dabbobi masu aljihun goyo a Ostareliya da Niyu Gini da nahiyoyin Amurka suke, babu ko ɗaya a dajin Afirka. Abin da ka kama ko dai ɓera ne ko jaɓa, kuma da yake ka ce tsinin baki gare ta, na fi zaton jaɓa ce. Da ka saurari hancinka, da warinta ya gaya maka kafin waya.

Wannan ɗabi'a ta damƙa wa manhaja hankali dungurungum tana ci mini tuwo a ƙwarya. Lens kwatanta hotonka yake yi da hotunan da ke intanet, ya kawo wanda ya fi kama da shi. Dajin arewacin Ostareliya, tun daga Kimbali har Kep Yok, yana da rani da damina da ciyawa mai cin wuta irin namu, kuma ƙananan dabbobinsa launin ƙasa ne, girmansu bai wuce na ɓera ba. Ga shi hotunansu sun cika intanet, namu kuwa ba mai ɗauka. Dole manhaja ta ruɗe.

Ni iNaturalist, manhajar tantance dabbobi da tsirrai, nake amfani da ita, kuma ita nake so ka sauke. Kyauta ce. Ka kunna GPS kafin ka ɗauki hoto, domin tana duba wurin da kake ta fifita dabbobin da aka sani a yankin. Bayan haka mutane ne ke dubawa, kuma ba a amincewa da suna sai sama da kashi biyu bisa uku na masu tantancewa sun yarda da shi.

Masana kansu haƙora suke fara dubawa. Ɓera da kurege da gafiya haƙoran gaba biyu gare su a sama, biyu a ƙasa, masu tsawo da ba sa daina girma, sai giɓi a bayansu. Dunnart da ƙanwarta planigale, wadda wani jinsinta nauyinsa bai kai giram 6 ba, bakinsu cike yake da ƙananan haƙora masu kaifi saboda ƙwari suke ci. Ban ce ka buɗe bakin ɓera ba! Hoton gefe ya isa, a ga kunne da ƙafar baya da wutsiya gaba ɗayanta, da kwalin ashana a kusa don a gane girma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne riƙewar da ka yi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓeran gida mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, kuma da rani ya fi tsanani. A ido ba ka bambance shi da sauran ɓeraye. Ka wanke hannu da sabulu, ka goge wayar, ka toshe ramukan rumbun. In zazzaɓi ya kama ka cikin mako 3, ka je asibiti ka faɗa musu ka taɓa ɓera.

Tambaya: Ina karatun dabbobin daji a Dawin. Kyamarar tarko (mai ɗaukar hoto da kanta in dabba ta gitta) da na ɗaura a bishiya tana ɗauko farin abu kawai da dare, kwanan watan ma ba daidai ba. (Ɗaliba, daga Ostareliya)

Amsa: Malama, kin sa ta kusa da yawa, fitilar dare tana haske dabbar fiye da kima. Ki rage ƙarfinta ko ki ja da baya, ki ajiye rula kusa da abincin tarkon don a gane girma. Agogo kuwa, a duba shi duk sanda aka canza batir.

Tambaya: In na yi zumin da kyamarar waya don jawo hoton kurege kusa, sai hoton ya dagule. (Daga Maraɗi)

Amsa: Yawancin wayoyi yanko hoton kawai suke yi su faɗaɗa. Ɗauki bidiyo, ka ciro hoton da ya fi fita.

Tambaya: Ƙanena ya turo mini hoton gafiya ta WhatsApp, iNaturalist ta ce babu wuri babu rana. (Daga Kumasi)

Amsa: WhatsApp yana goge waɗannan bayanai, ya kuma rage ingancin hoto. Ka ce ya sake turowa a matsayin fayil, ko ka tambaye shi garin da ranar ka cike da hannu.