Tambaya da Amsa: Yadda Ake Rage Kuɗin Jirgin Ƙasa a Birtaniya

Wasiƙun wannan fitowar sun fito ne daga masu karatunmu mazauna Birtaniya, kuma kukansu ɗaya ne: kuɗin jirgin ƙasa na cinye albashi. Hanyoyin sauƙi manya guda biyu ne, tikitin wa'adi na mako ko wata ko shekara, da katin rangwame da ake kira Railcard. Farashin tikitin da za ku gani a misalanmu na ƙiyasi ne don lissafi ya fito sarari, kowa ya sa na hanyarsa a gurbinsa.

Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shiga jirgi zuwa wurin aiki kwana uku, wani makon huɗu. Abokan aiki sun ce in sayi tikitin shekara. Zai yi mini riba? Wata mai karatu daga Bamingham

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki saya tukuna, ki fara ɗaukar biro da takarda. Farashin tikitin wa'adi yana da ƙa'ida tsayayya: na wata shi ne kuɗin na mako sau 3.84, na shekara kuma kuɗin na mako sau 40. Ke nan mai tikitin shekara yana hawa mako 52 a kan kuɗin mako 40.

A ce tikitin zuwa da dawowa na yini ɗaya fam 20 ne a hanyarki, na mako kuma fam 70. To na wata zai zama fam 268.80, na shekara fam 2,800. Idan aka cire hutun shekara, mai cikakken aiki yakan yi kusan mako 46 yana zuwa aiki. Kwana huɗu a mako sau 46 kwana 184 ne, wato fam 3,680 in kullum za ki yanki tikiti, don haka na shekara ya rage miki fam 880. Amma kwana uku a mako kwana 138 ne, fam 2,760, ƙasa da kuɗin tikitin shekarar ma. A yawancin hanyoyi iyakar nan take: mai kwana huɗu ko biyar tikitin wa'adi nasa ne, mai kwana uku sai ya yi lissafi da kyau, mai kwana biyu asara zai yi.

Ga masu kwana biyu, tun watan Yunin 2021 aka fito da wani tikiti a Ingila mai suna Flexi Season. Kwana takwas ake saya, a yi amfani da su a duk ranakun da aka ga dama cikin kwana 28. Dole a kunna ranar a waya ko a katin lantarki kafin a hau jirgi, kuma ranar da ba a ci ba har wa'adin ya cika ta tafi ke nan.

Akwai abin da ya shafi aikinki kai tsaye. Ranar jirgin ƙasa tana ƙarewa ne da ƙarfe 4:29 na asubar gobe. Idan aikin dare kike yi, kika tafi da ƙarfe bakwai na yamma kika dawo takwas na safe, kin shiga rana ta biyu. Tikitin yini ɗaya ba zai dawo da ke ba, a Flexi kuma kwana biyu za ki ƙona a kan aiki ɗaya. Tikitin mako ko wata ba ruwansa da wannan, domin ba ya ƙirga hawa: ko sau nawa, ko wane lokaci, har Asabar da Lahadi, har tashoshin da ke tsakani a kan hanyar. Masu aikin dare da yawa a nan lissafinsu yake karkata zuwa tikitin wa'adi ko da kwanakinsu kaɗan ne.

Shawararmu, ki gwada na wata ɗaya ki rubuta ranakun da kika hau. Ki kuma sani ana sayar da tikiti na kowane tsawon lokaci tsakanin wata ɗaya da shekara, kamar wata ɗaya da kwana goma, don ya ƙare daidai ranar da hutunki zai fara. Idan lissafi ya nuna na shekara ne, ki tambayi ofishin kula da ma'aikata ko suna ba da rancen tikiti. Ma'aikatu da yawa suna bayarwa ba tare da kuɗin ruwa ba, su riƙa cirewa daga albashi wata-wata.

Ina da Railcard na 'yan shekara 16 zuwa 25. Na je sayen tikitin wata, mai sayarwa ya ce katin ba ya aiki a kai. Gaskiya ne? Wani ɗalibi daga Manchesta

Gaskiya ya faɗa maka. Railcard yana rage sulusin kuɗin tikitin tafiya ɗaya ko na zuwa da dawowa, amma ba ya taɓa tikitin wa'adi, don an riga an yi rangwame a cikinsa. Katin 'yan shekara 16 da 17 mai suna 16-17 Saver ya fita daban, shi yana rage rabin kuɗi har a kan tikitin wa'adi. Abin da za ka kwatanta shi ne kuɗin tikitin wata a gefe guda, da kuɗin tikitin kullum bayan an cire sulusi a ɗaya gefen.

Sai dai ka kula da dokar safiya, ita ce ta fi jefa ɗalibai cikin matsala. Daga Litinin zuwa Juma'a, tsakanin 4:30 na asuba da 10 na safe, katinka ba zai sauko da tikiti ƙasa da fam 12 ba. Tikitin fam 15 ya kamata ya koma fam 10, amma fam 12 za ka biya. Na fam 11 babu ragi ko kaɗan. Sai daga fam 18 zuwa sama ake samun cikakken sulusi. Matsalar tana zuwa ne idan mutum ya sayi tikiti mai rahusa na bayan ƙarfe goma, sannan ya hau jirgin tara da rabi da shi. A wurin mai duba tikiti, wannan daidai yake da rashin tikiti. Dokar ba ta aiki a ƙarshen mako da ranakun hutun gwamnati, ba ta shafi tikitin Advance ba, wato wanda ake saya tun kafin tafiya don wani jirgi takamaimai, kuma a katin 16 zuwa 25 ana ɗage ta a watannin Yuli da Agusta. A katin 'yan shekara 26 zuwa 30 ba a ɗagewa.

Tun Maris na 2025 kuɗin katin fam 35 ne a shekara, na shekara uku fam 80. Da zarar tikitin da kake saya a shekara ya wuce fam 105, katin ya biya kansa. Na shekara uku ana iya sayensa har jajibirin cikar mutum shekara 24, ka ga zai kai shi dab da 27. Ɗalibin da ya haura 25 amma yake cikakken karatu shi ma yana da haƙƙin katin na shekara ɗaya, in makarantarsa ta tabbatar masa a takardar nema. Masu digiri na biyu da na uku da yawa ba su san da wannan ba.

Mu huɗu ne, ni da maiɗakina da yara biyu. Wane kati ya dace da mu? Wani magidanci daga Lids

Malam, katin Family & Friends ne naku. Kati ɗaya yana ɗaukar manya huɗu da yara huɗu 'yan shekara 5 zuwa 15. Manya ana rage musu sulusi, yara kashi 60 cikin ɗari na kuɗin yaro. A ce tikitin babba fam 60 ne, na yaro fam 30: ba kati fam 180 za ku biya, da kati kuwa manya fam 40 kowanne, yara fam 12 kowanne, jimla fam 104. Tafiya ɗaya ta mayar da kuɗin katin har da ƙari.

Sharaɗin shi ne dole a samu aƙalla yaro ɗaya mai tikiti a tafiyar daga farko har ƙarshe. Yaron da bai kai shekara biyar ba kyauta yake hawa, amma in shi kaɗai ne tare da ku, ku yankar masa tikitin yaro don rangwamen ya hau kan naku, doka ta yarda da haka. Ranar da za ku fita ku biyu ba yara, wannan katin ba zai yi ba. Nan sai Two Together, mai ɗauke da suna da hoton mutum biyu, wanda ke aiki daga 9:30 na safe a ranakun aiki, kuma sai kuna tare. Idan ɗaya ya fasa tafiya, tikitin ɗayan ya lalace.

Mahaifiyata ta zo mana ziyara ta wata biyar, shekarunta 67. Baƙo yana iya samun katin dattawa? Wata mai karatu daga Landan

Yana iya samu. Senior Railcard shekaru yake dubawa, daga 60 zuwa sama, ba takardar zama ba. Ki kai Hajiya wurin sayar da tikiti a tasha da fasfonta. Ki dai lura, ba ya aiki a lokacin cunkoson safiya na ranakun aiki idan tafiyar gaba ɗaya cikin yankin Landan da kudu maso gabas take.

Tunda a Landan kuke, ku ɗauki katin tare da katin Oyster, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, ku je tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ma'aikaci ya haɗa su a na'ura. Daga nan za a riƙa rage mata sulusi a jirgi a wajen lokacin cunkoso, wanda yake 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki. Masu katin 16 zuwa 25 da na 26 zuwa 30 da na naƙasassu su ma suna iya yin haka. Duk wanda ya sabunta Railcard sai ya koma an sake haɗawa, in ba haka ba rangwamen zai tsaya shiru ba tare da ya sani ba.

Wayata ta mutu a cikin jirgi, katin rangwamen kuma a cikinta yake. Aka sa na sake biya. Kuɗina sun tafi ke nan? Wani mai karatu daga Bristol

Tikitin rangwame ba shi da ƙarfi sai da katin a hannu, kuma cajin waya nauyin matafiyi ne. Duk da haka akwai sassauci: sau ɗaya cikin wata 12 ana iya mayar wa mutum abin da ya ƙara biya, in ya aika wa kamfanin jirgin shaidar cewa katinsa yana da rai a ranar, tare da tikitin duka biyu. Kada ka jefar da su, kuma kada ka yi jinkiri. Abin bai kamata a raina shi ba, domin tun Janairun 2023 tarar hawa ba ingantaccen tikiti a Ingila fam 100 ce ban da kuɗin tafiyar, tana sauka zuwa fam 50 in an biya cikin kwana 21. Ana iya sa katin a na'ura biyu, ka yi amfani da wannan damar.

Na sayi tikitin shekara, ga shi bayan wata shida an sauya mini wurin aiki. Za su ba ni rabin kuɗina? Wani mai karatu daga Redin

Ba rabi ba, Malam, ƙasa da haka. Suna lissafa abin da za ka biya da a ce tikitin wata shida ka saya tun farko, su cire daga abin da ka bayar. Da misalin da muka yi a sama, wata shida sau fam 268.80 ya kama fam 1,612.80, saura fam 1,187.20 daga cikin fam 2,800, sannan a cire ɗan ladan aiki. Dalili shi ne makonni 12 na kyauta a ƙarshen shekara suke, shi ya sa bayan wata goma da 'yan kwanaki tikitin ba ya da sauran abin mayarwa. Lissafin yana farawa ne daga ranar da ka miƙa tikitin, ba ranar da ka daina hawa ba, don haka kowace rana da ya kwana a aljihunka kuɗi ne.

In sabon wurin aikin ma da jirgi za ka riƙa zuwa, kada ka nemi a mayar maka da kuɗi. Ka nemi a sauya maka tikitin zuwa sabuwar hanyar da ranar ƙarewa iri ɗaya. A wannan tsarin da farashin shekara ake lissafin kwanakin da suka rage, rangwamenka bai zube ba, sai dai ka cika bambanci ko a ba ka canji.

Kafin ka rabu da shi, ka duba ko an rubuta Gold Card a jiki, kamar yadda ake yi wa tikitin shekara na yankinku. Shi kansa katin rangwame ne: sulusi a sauran tafiye-tafiye cikin yankin daga 9:30 na safe, kai da manya uku. Ka kuma nemi diyyar duk jinkirin da aka yi maka cikin kwana 28 da suka wuce. A yawancin kamfanoni jinkirin minti 15 zuwa 29 rubu'in kuɗin tafiya ɗaya ne, minti 30 zuwa 59 rabi, awa ɗaya kuma duka. Ga mai tikitin shekara ana raba kuɗinsa gida 464 don a fitar da kuɗin tafiya ɗaya, wato kusan fam 6 a tikitin fam 2,800. Kamfanin da jirginsa ya jawo jinkirin ake nema, ta shafinsa na intanet, da hoton tikiti da lokacin jirgin.