Ga mai tambaya kan fitowar uba da attajiri: labarin Sydney Greenstreet

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da daddare na karanta tambayarka, na kuma ga amsoshin da 'yan'uwa suka ba ka, waɗanda yawancinsu ban haƙuri ne. Ka ce shekarunka sun haura 40, Allah ya ba ka jiki, ka yi shekara 12 kana wasan daɓe kafin ka fara shiga fim, amma duk daraktan da ya gan ka sai ya miƙa maka fitowar uba, ko attajiri, ko mugun kawu mai cinye gadon marayu, ba a taɓa ba ka jarumi ba. Kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin suna ta wannan hanya, ko kuwa ka tattara naka-ya-naka ka koma kasuwa. Ni ba haƙuri zan ba ka ba, domin a ganina babu abin da aka yi maka da ke neman haƙuri. Na yi fiye da shekara 20 ina horar da 'yan wasa, tun daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar da na koyar har zuwa ƙungiyoyin unguwa, kuma akwai mutum guda da nakan ba ɗalibaina labarinsa duk sanda irin wannan ƙorafi ya taso.

Sunansa Sydney Greenstreet, Baturen Ingila ne, an haife shi a garin Sandwich da ke yankin Kent ranar 27 ga Disamba, 1879. Mahaifinsa majemi ne. Yana ɗan shekara 18 ya tafi tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, da niyyar ya yi arziki a noman ganyen shayi, sai fari ya faɗa wa gonakin, ya dawo gida hannu rabbana. Ya kama aikin kula da wani kamfanin giya, aikin ya gundure shi, ya fara zuwa koyon wasan kwaikwayo don ya rage zaman kaɗaici. A 1902 ya fara hawa dandamali a garin Ramsgate, kuma fitowarsa ta farko a duniya ta mai kisan kai ce a wani wasa na Sherlock Holmes, shahararren mai binciken laifi na labaran Ingila. Ka lura da wannan da kyau: tun ranar farko ba a ba shi jarumi ba.

Daga nan ya shiga ƙungiyar Ben Greet, wadda ke yawo gari-gari tana wasannin Shakespeare, ita ce kuma ta ƙetare da shi zuwa Amurka, inda ya fara fitowa a birnin Niyok a 1905. Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da masu ba da labarinsa suka fi tsallakewa, alhali shi ne cibiyar maganar. Shekara kusan 40 mutumin nan ya yi a kan dandamali yana fitowa a barkwanci, da wasan waƙe-waƙe, da wasannin sarauta, yau uban amarya, gobe bawan sarki, jibi likita. A shekarun 1930 ya daɗe yana aiki da Alfred Lunt da matarsa Lynn Fontanne, waɗanda su ne taurarin dandamalin Amurka na lokacin, a ƙarƙashin ƙungiyar Theatre Guild. Su ake rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe a ƙofar gidan wasa, shi kuwa yana gefe yana riƙe musu wasan. An sha yi masa tayin fim yana ƙi.

Wanda bai taɓa yin wasan daɓe ba ba zai gane abin da shekara 40 ke yi wa ɗan wasa ba, amma kai ka sani. A daɓe babu yankewa a sake, babu mai gyara maka murya a kwamfuta. Idan ka faɗi maganar dariya ba a yi dariya ba, nan take za ka ji shirun ya sauko maka a ka, gobe kuma dole ka gano ko saurin faɗa ka yi ko jinkiri. Haka mutum ke koyon inda ake numfasawa a tsakiyar doguwar magana, da yadda ake jefa murya har layin ƙarshe ba tare da ihu ba, da abin da ya fi duka wuya, wato yadda ake tsayuwa ana sauraron abokin wasa alhali ba ka da abin faɗa. Jarumi kan iya dogara da kyan fuska na wasu shekaru. Mai fitowar uba ba shi da wannan jarin, saboda haka dole ya koyi sana'ar kanta.

A farkon shekarun 1940 Greenstreet yana cikin wani wasa tare da su Lunt, yawon wasan ya kai su Los Angeles, John Huston ya gan shi. Huston a lokacin marubuci ne a kamfanin Warner Bros. yana shirin ba da umarni a fim ɗinsa na farko, The Maltese Falcon, wanda ya fito a 1941. Ya ba shi fitowar Kasper Gutman, ƙaton mutum mai ladabin baki da baƙar zuciya, wanda ya yi shekara 17 yana farautar wani mutum-mutumin shaho da ake cewa an yi shi da zinariya da duwatsu masu daraja. Greenstreet na da shekara 61, kuma bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Mary Astor, wadda ta fito a fim ɗin, ta ba da labarin cewa kafin a fara ɗaukarsa tsoro ya kama shi har ya roƙe ta ta riƙe masa hannu. Wannan labarin yana taɓa ni ƙwarai, domin na ga irinsa da idona a wurin dattawan daɓe ranar da aka fara kunna musu fitilar fim.

Na fara ganin fim ɗin a kaset ɗin bidiyo, kuma tun daga lokacin na kalle shi fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ina so ka nemi wurin da Greenstreet ya fara ganawa da Humphrey Bogart, jarumin fim ɗin, a ɗakin otal. An ajiye kyamara ƙasa-ƙasa tana kallonsa sama, tumbinsa ya cika allon, sarƙar agogo na kwance a kai. Kusan ba ya motsi. Yana zaune yana zuba wa baƙonsa abin sha, yana yabonsa, yana wata dariya da ke fitowa daga can cikin ƙirji, idanunsa kuwa ba sa dariyar ko kaɗan. Duk barazanar da ke wurin a murya take da ido. Sannan ka je ƙarshen fim ɗin, inda aka kwance ƙunshin aka ajiye shahon a kan tebur. Greenstreet ya zaro wuƙar aljihu ya fara kankara a hankali, sai ya ƙara sauri, sai ya shiga sara kamar wanda ya zautu, domin ya gane dalma ce zalla. Ka dubi fuskarsa a 'yan daƙiƙun da suka biyo baya, yadda ya haɗiye baƙin cikin shekara 17, ya shafa ƙeya, ya dawo da dariyarsa, ya ce zai wuce Istanbul ya ci gaba da nema. Bogart ne jarumin fim ɗin, amma a wannan wurin idon mai kallo ba ya barin Greenstreet. An sa sunansa cikin masu takarar kyautar Oscar ta mataimakin jarumi a wannan fitowa ta farko, ko da yake Donald Crisp ne ya ɗauke ta.

A 1942 ya fito a Casablanca a matsayin Ferrari, mai gidan shaƙatawa kuma uban 'yan kasuwar bayan fage na garin. Duka fitowarsa 'yan mintoci ne, sanye da farar kwat da jar dara, yana ciniki yana kashe ƙuda. Wannan kashe ƙudan nakan nuna wa ɗalibaina, domin ƙaramin abu ne da ke gaya maka halin mutum ba tare da an furta ba. Akwai wani dattijo a ƙungiyarmu, Allah ya jiƙansa, wanda kullum maigari yake fitowa. Shi da kansa ya ƙirƙiro wa maigarin nan ɗabi'ar ɓare goro ya daɗe yana duban ɓarin biyu kafin ya yanke hukunci, kuma da zarar ya ciro goron daga aljihu sai filin ya yi tsit. Ba ya cikin rubutun wasan, kuma shi mutane ke tunawa har yau, sun manta samarin da suka yi jarumtar.

Ba zan ɓoye maka ɗacin da ke cikin lamarin ba. Greenstreet gwanin barkwanci ne a dandamali, amma da Hollywood ta ga ya karɓi fitowar mugu sai ta riƙa maimaita shi a kai, har aka haɗa shi da ɗan wasa Peter Lorre a fina-finai tara, ƙato da ɗan ƙarami. Jefi-jefi ake barinsa ya ba da dariya, kamar a Christmas in Connecticut na 1945. Wannan ƙorafin naka ke nan, kuma gaskiya ne, masu zuba kuɗi a fim ba sa son canza abin da ya taɓa kawo riba. Ni ma na taɓa kai wani yarona wurin wani furodusa, ya dube shi sama da ƙasa ya ce wannan ai ɗan sanda ne, kuma ɗan sandan ya yi ta yi shekara da shekaru. Abin da na ga yana aiki shi ne ka karɓi uban, amma kada ka yi uba iri ɗaya sau biyu. Ka tambayi kanka sana'ar wannan uban, da abin da yake tsoro, da yadda yake zama a kan tabarma, ka kuma riƙe ƙafa ɗaya a daɓe inda za ka iya gwada abin da fim ba zai ba ka ba.

Duka rayuwar Greenstreet a fim shekara takwas ce, daga 1941 zuwa 1949, fina-finai sama da 20, na ƙarshensu Malaya. Ciwon suga da ciwon ƙoda suka ci ƙarfinsa, ya koma rediyo a 1950 zuwa 1951 yana fitowa a matsayin Nero Wolfe, mai binciken laifi da ke warware shari'a daga kan kujerarsa, aikin da murya kaɗai yake buƙata. Ya rasu a Hollywood ranar 18 ga Janairu, 1954, yana da shekara 74.

Idan ka kalli wuraren nan biyu da na ambata, ka kashe sautin a karo na biyu ka dubi hannuwansa kawai, sannan ka turo mini bidiyon fitowarka ta ƙarshe a matsayin kawu, mu duba ta tare.