Haɗa maganin HIV da na ciwon hanta yana lalata mitokondiriya?

Ɗan'uwa, ka ce yayanka yana da HIV da ciwon hanta nau'in C, kuma ka ji wai haɗa magungunan biyu na cinye ƙarfin jiki. Maganar tana da tushe, sai dai tsofaffin magunguna ta fi shafa.

Mitokondiriya su ne ke samar wa ƙwayoyin jiki kuzari, kamar janareta a gida. Stavudine da didanosine, tsofaffin magungunan HIV, suna toshe sinadarin da ke kwafar DNA ɗin mitokondiriya, sai ka ga kumatu sun zurma, tafin ƙafa yana zugi, ga amai da haki saboda asid ya taru a jini. In aka ɗora ribavirin, wani maganin ciwon hanta nau'in C, a kan didanosine abin ya fi muni, don yana ƙara masa ƙarfi a cikin ƙwayar, har hanta ta kan gaza. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina stavudine.

Yanzu galibi tenofovir, lamivudine da dolutegravir ake bayarwa don HIV, na hantar kuma sofosbuvir da daclatasvir na mako 12. Yayan naka ya kwashi kwalaben magungunansa ya kai wa likitansa, a duba ƙodarsa saboda tenofovir. Kada ya kuskura ya daina sha da kansa, musamman in yana da nau'in B ma, ciwon hantar na iya tashi.