Tambaya da Amsa: Jiragen Yaƙin Faransa Samfurin Téméraire

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa a zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, Faransa ta ƙera jiragen yaƙi da har Ingilishi suka yaba. To me ya sa Ingila ta riƙa cin galaba a kanta a teku? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jiragen da suka fi dacewa da wannan yabo su ne samfurin Téméraire masu igwa 74, waɗanda injiniya Jacques-Noël Sané ya tsara, aka kuma saki na farkonsu a ruwa a tashar jiragen ruwa ta Brest da ke Faransa a 1782. Kafin lokacin kowace tasha tana ƙera jirgi yadda gwaninta ya ga dama, amma daga nan hukuma ta tsayar da zane guda, ta yadda jirgin da aka sassaƙa a Toulon zai yi daidai da na Rochefort ko Lorient, a tsawo da faɗi da kayan gyara. An ƙera fiye da 100, kowanne tsawonsa kusan mita 56, yana ɗaukar mutum wajen 700. A hawan ƙasa akwai igwa 28 masu harba dunƙulen ƙarfe na kusan kilo 18, na sama kuma yana da 30 masu harba rabin wannan nauyi.

A ganina matsalar ba ta jirgi ba ce, ta mutane ce. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya sa ƙwararrun hafsoshi da yawa suka gudu ko aka tsige su, sannan Ingila ta tsare bakin tashoshin Faransa shekara da shekaru, matuƙa suna zaune a gaɓa babu atisaye, alhali abokan gabarsu kullum suna cikin teku suna koyon ɗura igwa da sauri.

Duk da haka, a yaƙin Trafalgar na 21 ga Oktoba 1805, Redoutable, ɗan wannan samfuri a ƙarƙashin Kyaftin Lucas, ya manne da Victory, jirgin Nelson babban kwamandan rundunar ruwan Ingila a wannan yaƙi, kuma daga saman Redoutable ɗin aka harbi Nelson. Yawancin mutanen Redoutable sun mutu ko sun jikkata kafin ya miƙa wuya. Ɗan'uwansa Duguay-Trouin kuwa, Ingilishi sun kama shi makonni 2 bayan haka, suka sa masa suna Implacable, suka ci gaba da amfani da shi, ba su nutsar da shi ba sai a 1949.