Da gaske an samo maganin sikila?

Hajiya, kin tambaya daga Daura ko gaskiya ne an samo maganin da ke warkar da sikila, don ki nema wa ɗanki. Allah ya ba shi lafiya.

Gaskiya ne, sunansa Casgevy. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin, a gyara musu ƙwayar halitta, a mayar masa. Kafin a mayar kuwa sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan iya hana haihuwa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Duk wanda ya ce miki yana da shi a kwalba, ki riƙe kuɗinki.

Binciken da ya fi kusa da mu a Kano aka yi, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya nuna wani magani daban mai suna hydroxyurea na rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da gwajin TCD (mai auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa) ya nuna suna cikin haɗari. Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki tambayi likitan yara kan gwajin TCD da maganin hydroxyurea. Kada ki saya a kemis da kanki, domin sai ana auna jini a kai a kai.