Amsa: yadda za ka tabbatar ko masu haɗa wasan tsere sun taɓa motsin mota bayan sabunta wasa

Ɗan'uwa, ka ce tun da wasan tseren mota na kwamfuta ya sabunta motarka take zamewa a kwana, abokanka na Ƙofar Kaura kuma suna cewa hannunka ne. Lokacin zagaye kaɗai ba zai raba muku gardama ba, sai bayanan telemetiri, wato bayanan gudu, birki da taya da wasan yake ɗauka yayin tuƙi.

Wasannin F1 suna fitar da su ta UDP (hanyar aika bayanai ta sadarwar kwamfuta) a mashiga 20777, Assetto Corsa Competizione (ACC) kuma ana buɗe nasa da manhajar MoTeC i2. Ɗauki mota ɗaya, saiti ɗaya, man fetur daidai, ka shiga gwajin lokaci inda yanayi ba ya canzawa. Jera tsohon zagaye da sabo bisa nisa, ba bisa daƙiƙa ba.

Abin da na fi yarda da shi shi ne gwajin da hannu ba ya ciki. A miƙaƙƙen titin filin tseren Monza, kai wani gudu ka saki totur, ka ga yadda take rage gudu. In layukan gudun tsohon zagaye da sabo sun rabu, an taɓa jan iska, taya ko birkin inji. Duba zafin taya da iskarta ma, don sigar 1.9 ta ACC a 2023 ta sauko da iskar da ta dace zuwa psi 26 zuwa 27.

Ka yi gwajin da sanyin safiya, don zafin Katsina yana sa kwamfuta sarƙewa, ka zaci motar ce.