Batirin jirgina baya riƙe caji, in sayi sabo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai injin Yamaha a tafkin Jabi, ina ɗaukar masu zuwa shan iska Asabar da Lahadi. In na kai batir caji sai ya yi kwana biyu lafiya lau, daga nan in murɗa ki sai dai ƙas ƙas, dole sai na ja igiya. Na sa sabo, ko wata uku bai yi ba shima ya fara. Riwaya ya cire kan batir inji na aiki, yace tunda injin bai mutu ba toh caji ƙalau yake, batirin ne jabu. In sake saye?
Mai karatu daga Utako, Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Gwajin nan da aka yi maka shi ya fi damuna, domin irin injin nan da kansa yake ba fulogi wuta, ai kai shaida ne tunda kana tada shi da igiya batir a mace, kaga rashin mutuwarsa bai nuna komai ba. Kuma cire kan batir inji na aiki yana ƙona raktifaya, ɗan abin nan da ke gyara wutar da koyil ya haɗa ya tura ta batir. Dan Allah kar ka ƙara bari a yi maka haka.

Sayi mita ta awon wuta, bata da tsada. Da safe kafin ka tada inji ɗora ta a kan batir, cikakke zai nuna volt 12.6, in kaga 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Sai ka tada inji ka ɗan ba shi wuta, ya kamata lambar ta hau wajen 13.5 zuwa 14.5. In ta tsaya inda take, caji baya zuwa, ko batir goma ka saya haka za su bi. Fara duba fiyus da wayoyi, sannan raktifaya, koyil shi ne ƙarshe. In kuma ta wuce 15 dafa batirin ake yi, zaka ga ruwansa na saurin ƙonewa.

Kan batir ma abin dubawa ne, girgizar jirgi na kwance noti, damshi kuma na tara farin gari da tsanwa a wurin. Cire baƙar waya tukuna, wanke da ruwan zafi, goge da sanfefa, ɗaure tamau da sifana ka shafa giris. Kayi nesa da tankin fetur lokacin, tartsatsi ɗaya ya isa.

Sannan yanayin aikin naka, zagayen minti goma a kashe a sake tadawa, ga sifika na kiɗa ana jiran fasinja, cajin ƙananan injinan nan kaɗan ne musamman a silo, baya mayar da abin da aka ci. Sai kuma batirin ya zauna Litinin zuwa Juma'a a rabi, wannan zaman ke kashe shi a hankali. Ko dai ka tafi da shi gida duk daren Lahadi ka cika shi, ko ka sa ƙaramar sola mai wat 20 zuwa 30 da kwantirola, wato abin da ke hana cajin wuce kima. In mai murfi ne ruwan batir zaka ƙara, ba asid ba, ba fiya wata ba.